Ziyarar Gidan Kanta Na Argungu Da Bashin Da Zariya Ke Bin Mu

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a wani zaman ƙara wa juna ilmi a Tudun Wada, Zariya.)



Da aka aiko mini da takardar gayyata aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na amsa da cewa zan yi magana a kan wani tsohon gida. Na san akwai waɗanda suka yi tsaki a zuci. Ga masu karatun shari'a, ga masu karatun aikin mulki da lissafin kuɗi sun tako daga Kongo, ga sababbin ma'aikata kowa da tunanin albashi da ƙarin girma, sa'an nan a tara su a kawo musu zancen tsohon gini? To, ina roƙon arziki a yi haƙuri da ni har in kai aya. In na gama, wanda ya ga na ɓata masa yammacinsa sai ya yafe mini.

Gidan da nake nufi yana Argungu, cikin Jihar Kebbi. Ɗaurin auren wani abokin karatuna ne ya kai ni garin. Muka tashi daga nan Zariya da asuba, muka bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara muka kwana Sakkwato, kashegari muka ƙarasa sauran kimanin kilomita 100 zuwa Argungu. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, ina shirin neman mota, sai kawun ango, wani dattijo mai yawan raha, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ɗan nan, ka zo Argungu za ka koma ba ka gaida Kanta ba?" Na ce, "Baba, hanya da nisa." Ya ce, "Hanya tana nan inda ka bar ta." Kunya ce ta sa na bi shi, gaskiya ke nan. Na shiga da niyyar minti goma, sai kiran sallar La'asar ne ya fito da ni.

Ga abin da ya kamata a fara sani game da gidan. Ana lissafa gininsa daga shekarar 1831. Shi ne fadar Sarakunan Kabi na Argungu har zuwa 1942, lokacin da aka gina sabuwar fada aka tashi. Ranar 1 ga watan Yuli, 1958, aka buɗe shi a matsayin gidan ajiye kayan tarihi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Ku lura da wannan shekara, jama'a. Saura shekara biyu da 'yan watanni Nijeriya ta sami mulkin kai, gidan kayan tarihi na ƙasa da ke Ikko ma bai kai shekara biyu da buɗewa ba, amma mutanen wani gari a gaɓar gulbin Kabi sun riga sun yanke shawara ba za su bar tsohuwar fadarsu ta zama kango ba. An raba gidan sassa 11. Akwai masu da takubba, da kwari da baka, da bindigogi irin na da, da layun yaƙi, da ganguna. A cikin gidan ne kuma makwancin sarakunan garin da suka riga mu gidan gaskiya yake, saboda haka duk mai shiga da ladabi yake shiga, ya yi musu addu'a kafin ya wuce.

In don ƙarfe da itace da fata ne, da ban tsayar da ku ba, gama wanda ya ga mashi guda ya ga dubu. Labarin da ke rataye da su shi ne ya riƙe ni, don haka bari in taƙaita muku shi.

Kanta ya fara ne yana cikin masu taimakon Askiya Muhammadu na Songhai. Bayan yaƙin Agadas suka ɓata a kan rabon ganima, wajen shekarar 1516, ya ɓalle, rundunar Songhai ta zo ta kasa shi. Ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa da ganuwarsa ta duwatsu suna nan har gobe cikin Jihar Sakkwato. Daga baya sarautar ta koma Birnin Kabi. A shekarar 1805 rundunar Jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Galibinmu iyakar abin da muka haddace don jarrabawa ke nan: an ci Kabi a 1805, sai a juya shafi. Amma a Argungu daga nan ne labarin yake somawa. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi. Karari ya gaje shi, ya zauna Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru da dama a hannun Sarkin Musulmi a Sakkwato, da ya sami komowa gida kuma ya ta da tutar Kabi a 1849. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i aka yi sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka sami 'yan shekaru na hutu, sa'an nan aka koma fagen fama. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, ya tare yaƙin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu, garin bai ciwu ba. Watau kusan shekara ɗari ana abu guda tsakanin maƙwabta, masu harshe ɗaya, masu fuskantar alƙibla ɗaya.

Kada wani ya ɗauka na zo in raba gardama tsakanin magabata. Ban isa ba, kuma ba shi ne aikin da ke gabanmu ba. Abin da nake so ku gane shi ne, mafi yawan abin da muke karantawa game da wannan zamani daga alƙaluman shugabannin Jihadi ya fito, kamar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi, sai kuma rahotannin Turawan mulki. Waɗannan littattafai taska ce, Allah ya saka wa marubutansu. Amma mutumin da ya tsaya bisa ganuwar Argungu da kwari a kafaɗa shi ma yana da abin faɗi, kuma rabonsa na labarin yana cikin kayan nan da ke jere a ɗakunan tsohuwar fada da bakin jikokinsa. Ɗalibin shari'a ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowane ɓangare. Ɗalibin tarihi ma haka ya kamata ya zama.

Labarin kuma yana da wurin da ba shi da daɗin ji. Da Turawa suka zo, Argungu ta karɓe su, suka girke soja a can a 1902, kuma wani sashe na rundunar da ta auka wa Sakkwato a watan Maris na 1903 daga Argungu ya taso. Na tambayi dattijon nan wannan magana, ina ɗar-ɗar kada ransa ya ɓaci. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi." Ban ce amsarsa ta wanke kowa ba. Amma na fahimci abin da gabar shekara ɗari take jawowa fiye da yadda na fahimta a aji, na kuma ga yadda baƙo yake samun ƙofa in 'yan gida suka raba kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daɗin abin, labarin bai ƙare a nan ba. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa babban su don girmamawa, aka binne tsohuwar gaba. Daga wannan ziyara ake lissafa bikin kamun kifin nan da ya yi suna, wanda dubban masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Da na tsaya a gaban masun nan sai na ce a raina, ashe sulhu ne ya kawo su ɗakin nan. Muddin ana gaba, mashi yana hannun mai shi. Ranar da aka jingine shi a bango aka rubuta masa takarda don yara su zo kallo, ranar ce aka tabbata an gama da shi. A ƙasarmu ta yau, da makamai suka yawaita a dazuzzuka har wasu hanyoyin da na bi zuwa Argungu matafiyi yake binsu da addu'a a baki, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Wani zai ce, ai akwai manyan gidajen tarihi, me zai kai mutum ƙaramin gari? Gaskiya ne akwai su, kuma suna da amfani. An buɗe na Esie a 1945, na Jos a 1952, na Ikko a 1957. Amma a babban gidan tarihi kaya baƙi ne. An ɗauko su daga nesa, an sa a gilashi, an manna musu lamba, mai gadi bai san mai su ba. Waɗanda aka ƙetare da su teku kuwa, kamar kayan tagullar Binin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, sun fi kowa maraici. A Argungu kuwa kayan suna gidansu, cikin ɗakunan da aka yi shawarar yaƙin da aka yi da su. Ina cikin kallon wani baka sai dattijon nan ya gyara tsayuwa, ya nuna mini da hannu wofi yadda ake ɗana kibiya, yadda maharbi ke karkata jiki don kada ya ba abokin gaba faɗin ƙirji. Ya ce kakansa ne ya nuna masa. Babu takardar da za a manna a gilashi ta koya maka wannan. Gani ya kori ji, amma gani tare da jin ta bakin mai abu ya fi duka.

To, jama'a, a kan hanyar komowa ne tunanin gida ya kama ni, kuma nan ne maganata ta nufa tun farko. Na ce, Argungu ke nan, da ba ta kai Zariya girma ko yawan makarantu ba. Mu fa, da muke taƙama da birnin ilmi, yaya muka yi da namu?

Bari in yi tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Daga inda muke zaune zuwa Ƙofar Doka tafiyar ƙafa ce. Mu nawa ne a ɗakin nan muka taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni da niyyar mu ɗaga kai mu dubi rufinsa? Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azarar giginya ya ɗaure bakan gizon nan da tulluwar nan da masana gine-gine na duniya suke zuwa aunawa suna zanawa. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Wanda yake son ya ga siffar masallacin sosai kamar yadda yake a da, sai ya tafi Jos, inda wani masanin gine-gine mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya sa aka gina kwatankwacinsa a filin adana gine-ginen gargajiya. Ku duba wannan al'amari: Bazazzagi ya hau mota zuwa Jos don ya ga kamannin masallacin kakansa. Har yanzu akwai unguwa a cikin birni mai suna Babban Gwani. Ɗalibai nawa ne suka taɓa zuwa suka zauna gaban magina suka tambayi yadda ake haɗa makuba da laso, ko yadda ake jera azara a ɗaurin guga?

Ganuwar birni ma, wadda ake danganta irinta da Sarauniya Amina, kowa ya ga yadda take zaizayewa, wani wurin ruwa ya ci, wani wurin mutane sun ɗebe ƙasar sun yi gini. Sunayen ƙofofi suna bakinmu, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Jatau, amma galibinmu sunan tashar mota muka ɗauke su. Tarihin Zazzau kuma, kamar na Kabi, yana da ɓangare biyu. Da Malam Musa ya zo da tuta a farkon Jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ba sabon babban birnin Tarayya wannan suna, sai tsohon garin ya koma Suleja, kuma har yau Sarkinsa Sarkin Zazzau ake ce masa. Wanda bai taka Suleja ya saurara ba, rabin tarihin Zazzau ya sani.

Kada kuma mu ɗauka tarihi a cikin ganuwa kaɗai yake. Tudun Wadan nan da muke zaune ta haura shekara ɗari. A farkon zamanin Turawa aka keɓe ta don baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba: akawuna, masinjoji, malaman makaranta, malaman asibiti, tsofaffin soja, 'yan kasuwa. Nan kusa da mu aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, bayan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Alhaji Abubakar Imam a kujerar edita. Kwalejin Barewa da ke kan hanyar Gaskiya ita ce Kwalejin Katsina ta da, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949. Kongo ma ta fara ne a matsayin makarantar horar da akawuna tun kafin a kafa jami'ar a 1962. A gidajen unguwannin nan akwai tsofaffin hotuna, da takardun ɗaukar aiki na En'e, da rasit na haraji, da wasiƙun ajami, da katin jam'iyyun siyasar jamhuriya ta farko. Duk ranar da aka yi rabon gado a ɗaya daga gidajen nan, wani shafi na tarihin Arewa yakan tafi bola ko hannun mai ƙosai.

Wasu garuruwa sun nuna mana hanya. A Kano an mai da Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, gidan kayan tarihi. Haka Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A Katsina tsohon ginin Kwaleji, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, ya zama gidan tarihi. A Kaduna gidan Sardauna ya zama Gidan Arewa tun 1970, a ƙarƙashin jami'armu. Duk waɗannan gidaje da sun iya rushewa. Wasu mutane ne suka tashi suka rubuta takarda, suka bi fayil ofis-ofis, suka hana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi nawa laifin kafin in ɗora wa kowa. Kakana malami ne a wani ƙauye da ba sai na ambaci suna ba. Yana da soro mai zankwaye huɗu, da zaure inda almajirai ke karatu, da wata tsohuwar adaka da ba mai taɓa ta. Kowace shekara kafin damina yakan tara mu a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a share indararo. Da ya rasu, yaɓe ya tsaya, gama kowa ya tafi birni neman abinci. Damina uku aka yi, a ta huɗu cikin watan Agusta rufin ya zauna. Da na fara ɗaukar albashi, ni ne na fara aika kuɗin bulo da kwano, ina alfahari na fitar da gidanmu daga ƙauyanci. Sai da aka kwashe ƙasar aka ciro adakar. Ruwa ya shiga, gara ta gama da sauran. Gafaka uku na littattafai da rubutun hannunsa da na mahaifinsa sun zama dunƙulen laka. Na tsinci rabin takarda guda mai hatimi, wadda har yau ban san wane sarki ne ya aiko ta ba, ban kuma san me ta ce ba. Takobin da ke rataye a zaure kuwa, aka ce wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo ya ba yara abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. 'Ya'yana suna tambayata wane ne kakansu, abin da zan iya nuna musu ɗakin kwano ne mai zafi kamar tanda. Ba Bature ne ya yi mini wannan ɓarna ba, ni da 'yan'uwana muka yi wa kanmu.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce, mutane na fama da yunwa da rashin aiki, asibiti ba magani, kai kana zancen tsohon soro. Amsata ita ce, abin da tsohon gini yake bukata kaɗan ne in an yi shi a kan kari: ƙasa, da ruwa, da ladan magina na 'yan kwanaki kowace shekara. Rigakafi ya fi magani. Kuɗin kuma aljihun maginin unguwa da mai jaki da mai ɗebo ruwa zai shiga, ya kuma raya sana'ar da ke neman mutuwa. Na biyu zai ce, ajiye layu da gangunan yaƙi ɗaukaka al'adun jahiliyya ne. Ina girmama mai wannan tsoro. Amma ajiye abu don a san an yi shi daban yake da yin imani da shi. Addininmu ya kwaɗaitar da mu yin tafiya da duban abin da ya sami al'ummomin da suka gabata don mu wa'aztu. Malaman Jihadi da kansu sun rubuta al'adun da suka tarar suka yi inkari, ba don haka ba da ba mu san abin da suka gyara ba. Na uku zai ce, ginin ƙasa alamar talauci ne. Wannan sai in ce ya shiga tsohon masallacin birni da azahar a watan Afrilu, sa'an nan ya koma ɗakinsa na kwano, ya zo ya ba mu labari. Ban ce kowa ya koma soro ba. Na ce kada mu rushe na kirkin da suka rage don kunyar abin da bai kamata a ji kunyarsa ba.

Saura me za mu yi? Ga ɗalibai, shawara uku gare ni. Ta farko, ƙungiyarku ta sa ziyarar irin waɗannan gidaje cikin tsarin shekara, a fara da na kusa, cikin birni da Wusasa da Kufena, sa'an nan Kano da Katsina da Argungu. In kun je, kada ku tsaya ga ɗaukar hoto. Ku tafi da littafi da alƙalami, ku gai da masu kula da wurin, ku biya abin da aka yanka ba tare da ciniki ba, ku yi tambaya: wa ya ƙera wannan, wa ya riƙe shi, yaya aka yi ya zo nan? Ta biyu, hutun nan mai zuwa kowa ya zauna gaban wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, musamman tsofaffi mata, gama su ne rumbun asalin dangi. Wayar da ke aljihunku ta fi na'urar da manazartan da suka gabace mu suka yi aiki da ita. Ku ɗauki murya, ku rubuta ranar da wurin da sunan mai magana. Ta uku, in kun tarar da tsofaffin takardu, kada ku raba su da masu su, kada kuma ku manna musu gam ko ku sa su cikin leda su gumu. A ɗaga su daga ƙasa, a sa a wuri busasshe, a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi. Gidan Arewa da Sashen Tarihi na jami'a sun daɗe suna aikin tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, a nemi shawararsu.

Ku kuwa abokan aikina ma'aikata, naku nauyin ya fi. Yau kuna ƙananan kujeru, amma ku ne kuke rubuta bayanin farko a cikin fayil, kuma duk wanda ya yi aikin ofis ya san sau da yawa abin da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta a shafin farko shi manya ke sa wa hannu a shafin ƙarshe. Wata rana fayil zai zo teburinka na faɗaɗa hanya, ko na ba da fili a gefen ganuwa, ko na rushe tsohon ofishin En'e a gina kantuna. Kafin ka rubuta cewa ba wata matsala, tashi ka je ka gani da idonka, ka tambayi mai unguwa shekarun ginin. Ka sani akwai doka: tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, dokar ta hana taɓa wurin da aka ayyana, ta kuma hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izini ba. Wanda aikinsa ya shafi kasafin kuɗin Ƙaramar Hukuma kuwa, ya yi ƙoƙari ya sa layi guda na gyaran tsofaffin gine-gine, a kuma saki kuɗin kafin ruwan farko ya sauka, domin kuɗin yaɓen da ya fito a watan Satumba kuɗin kwashe ƙasa ne.

Mutanen da suka buɗe Gidan Kanta a 1958 ba su da digiri irin wanda kuke nema, ba su da kwamfuta, ba su da wayar ɗaukar hoto. Fada ce ta zama wofi, suka ga bai kamata ta lalace ba, suka share ta suka jera abin da suke da shi. Saboda wannan ɗan ƙoƙari, baƙo irina ya shiga bayan shekaru fiye da sittin ya fito da abin da bai samu a aji ba. A Zariya ma akwai gidajen da suka cancanci haka, a birni da Tudun Wada da Sabon Gari, kuma kowace damina ana rage guda. Ina fata cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan a sami mutum biyar da za su zaɓi gida ɗaya, su je su gai da masu shi, su fara da rubuta abin da ke ciki. In an yi haka, zuwana nan ya biya.

Malam Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu.  Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, malaman tarihi suna nan, sai su gyara mini. Allah ya jiƙan magabatanmu, na Sakkwato da na Argungu, na Zariya da na Suleja, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.